Hular da Na Sake Saƙawa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba sai a bakin 'yata, Ya kuma maido ni gida da raina. Sunana Rabi. A Malumfashi aka haife ni, a nan na tsufa. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai ɗan abin da na ƙara a makarantar matan aure. Abin da zan faɗa laifina ne, kuma ba wanda ya tilasta mini faɗarsa.

'Yata ta fari sunanta Hadiza. Yanzu hannuna yana iya rubuta sunan, amma shekara talatin da biyu bakina bai taɓa furta shi ba. Haka muka taso. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ina yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Ita take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. In ina son ta miƙo mini abu sai in ce "ke". In zan yi maganarta da wani sai in ce "waccan". Mutane suna yabona a kan haka, suna cewa Rabi akwai kunya.

Da Inna tana raye, ita ce za ta je jego. Da yake ta rasu, sai tafiyar ta faɗo a kaina.

Na sauka Kuala Lumpur a farkon shekarar da korona ta shigo. Hadiza tana koyarwa a wata kwaleji, mijinta Nura yana karatun digiri na uku, suna zaune a unguwar Wangsa Maju, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene. Shekararsu shida da aure ba haihuwa, sai yanzu. Sun ware ɗaki guda sun shirya shi: ɗan gado, katifa, bahon wanka, riguna a jere kamar a kanti. Ni kuma na zo da gero da kanwa da yaji da daddawa, da wata 'yar hula da na saƙa da kwarashi, koriya mai farin baki. Ban miƙa mata a hannu ba. Na ajiye a kan gadon na fita. Daga baya na hango ta ta ƙofa, ta sa hular a dunƙulen hannunta tana juya ta. Na yi kamar ban gani ba.

Ban cika wata guda ba aka yi kulle. Mutum ɗaya kawai ake bari ya fita daga gida ya sayo abinci, aka rufe masallatai, aka daina tashin jirage. Ni da na saba in fito tsakar gida in taka ƙasa, in leƙa ta katanga in ce maƙwabta sun kwana lafiya, sai ga ni a sama kamar tsuntsuwa a keji. Ina zama bakin taga ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada ba kowa a ciki. Abin da na fi kewa shi ne ƙarar daka. Gari mai girma haka, ba turmi ko ɗaya da ke magana.

Naƙuda ta zo wa Hadiza ciki bai cika wata takwas ba. Nura ya kai ta asibiti, shi ma a ƙofa aka tsayar da shi saboda dokar cutar. Ni ko fita ba a bar ni na yi ba. Ta haifi mace, aka sa ta a kwalba. Kwana huɗu ta yi. Ranar ta biyar bayan azahar Nura ya kira ni, na ji muryarsa na gane tun bai faɗa ba. Shi da mutum huɗu suka kai ta. Hadiza kuma aka riƙe ta kwana uku saboda jininta ya hau.

A cikin kwana ukun nan na yi abin da na yi.

Ni ma na taɓa rasa ɗa, na uku, Sani, yana wata biyu. Kafin a dawo daga kai shi uwar mijina ta kwashe komai nasa, har tsumman goyo, ta ce kada in ƙara ambatonsa, ido in bai gani ba zuciya za ta huce. Na ɗauka jinƙai ta yi mini. Saboda haka na shiga ɗakin nan na naɗe komai, na cusa a manyan ledoji. Nura ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya ce, "Hajiya, da an bari ta dawo tukuna." Na ce masa su yara ne, ba su san yadda ake yi ba. Kunyar surukuta ta hana shi ƙarawa. Shi da kansa ya kwance gadon, ya sauke kayan ƙasan bene, inda mutane suke ajiye sadaka don waɗanda kulle ya hana su nema. Kafin magariba ba ko leda ɗaya. Har hular.

Ranar da Hadiza ta dawo ba ta zauna ba, ɗakin ta nufa. Ta tsaya a tsakiya tana duban bango.

"Yaya, ina kayan?"

"Na bayar. Allah Ya ba ki rayayye. Kada in ji kuka, ba kyau."

Ta dube ni ta daɗe. Ba ta yi kukan ba. Daga ranar kuma ba ta ƙara haɗa kalma uku a jere ba.

Ni dai na kama aikin da ya kawo ni. Ina dafa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, ina yi mata wankan jego, ina dama kunun kanwa, ina gasa nama da yaji. Ba darbejiya a garin, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar da ake kira Makcik Zainab, ta rataya mini ƙullin ganyaye masu ƙamshi a hannun ƙofa. Ashe su ma suna irin wankan nan. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma kusan kullum sai na tarar da wani abu a rataye, ko shinkafa a ganyen ayaba ko 'yan ƙosai masu zaƙi. Hadiza kuwa duk abin da na ce ta yi za ta yi, kamar ana juya itace. Nono ya zo ba mai sha, na ɗaure mata ƙirji da zani, ko uffan ba ta ce ba. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah a cikin ɗaki. Ta rame har zobenta yana zamewa.

Na yanke a raina cewa iska ce ta taɓa ta. Wata mata a waya ta ba ni lambar wani mutum mai jin Hausa, wai malami ne. Da aka ɗan sassauta kulle na haɗu da shi a tashar jirgin ƙasa ba da sanin Nura ba. Ya ce aikin babba ne, na cire 'yan kunnena na zinare da na sayo a Makka na ba shi, ya ba ni gora guda ta jan ruwa. Da na dawo na buɗe, Makcik Zainab ta sansana ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina. Ruwan zaƙin da suke sha da buɗa-baki ne. Lambar mutumin ba ta ƙara shiga ba.

Nura shi asibiti ya kai ta. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya rubuta ƙwayoyi, ya haɗa ta da wata mai ba da shawara ta waya. Sau uku ana kunna mata wayar, matar tana tambaya, Hadiza tana kallon bango har lokaci ya cika.

Wata ranar Talata bayan la'asar ana ruwa, irin ruwansu mai zuwa kamar da bakin ƙwarya. Na idar da salla na ji iska tana kaɗa labule. Na leƙa baranda. Hadiza tana tsaye a kan 'yar kujerar da nake zama in tsince shinkafa, hannayenta biyu a kan ƙarfe, ruwa yana dukanta, tana kallon ƙasa. Hawa goma sha huɗu. Na buɗe baki in kira ta, sunan ya ƙi fitowa. Wallahi ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ke. Ke." Ba ta juyo ba. Sai da na rarrafa na cafko zaninta na jawo ta muka faɗi tare a kan siminti.

A ranar Nura ya mayar da ita wurin likita, aka ƙara mata magani, aka ce kada a bar ta ita kaɗai. Ya sa kwaɗo a ƙofar baranda.

A cikin lifta na haɗu da Hannatu. Na shiga ina cewa wayyo gwiwata, sai na ji an ce, "Sannu, Mama." Na kusa faɗuwa. 'Yar Kagoro ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙarin karatu, tana hawa na tara. Wata biyar ban ji Hausa a bakin baƙo ba in ban da wancan macucin. Kafin mu kai ƙasa na fara kuka, kafin mu dawo sama na gaya mata komai, har 'yan kunnen.

Ita ce ta fara gaya mana cewa akwai masu magani da ba sa dogara da magana. Sunansu da Turanci yana da tsawo, ban riƙe ba. Ta ce suna aiki da zane, da yumɓu, da kiɗa, da motsa jiki, da rubutu, musamman ga wanda baƙin ciki ya rufe wa baki. Ta ce amma a yi hankali, ba duk mai fenti da takarda ba ne ya san aikin. Ta zauna da Nura a falo, ta rubuta tambayoyin da za a yi wa duk wanda aka samu: a ina ya yi karatun, yana da rajista da hukuma ko babu, ya taɓa aiki da uwar da ta rasa jariri, zai yarda ya riƙa tuntuɓar likitanta. Na ce a ƙara tawa, kada a sa ta ƙera gunki ko zana mai rai. Hannatu ta rubuta ba ta yi gardama ba.

Ta farko da suka kira ashe malamar koyar da zane ce kawai, ita da kanta ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Na biyu ya ce ba shi da wuri sai bayan wata uku. Ta uku wata mata ce, Puan Aida, a unguwar Sri Petaling. Ta amsa tambayoyin duka, ta turo hoton takardunta, ta nemi lambar likitan. A kan tawa tambayar ta ce ita ma Musulma ce, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa abin da zai zana ba. Ta ce sharaɗinta ɗaya, sai in Hadiza da kanta ta yarda. Nura ya tambaye ta. Ta ɗaga kafaɗa. Muka ɗauki hakan a matsayin to.

Tafiyar jirgin ƙasa biyu ce, a sauka a tashar Masjid Jamek a canza. Ko'ina sai an auna zafin goshi, kowa da takunkumi, an yi alama a kujeru inda ba a zama. Wurin yana saman wani shagon shayi na Indiyawa Musulmi, waɗanda suke kira mamak. Muka hau. Ɗaki ne mai faɗi da tabarma, manyan takardu, gawayin zane, fenti, buhun yumɓu, tire cike da yashi, ƙananan ganguna, kwandon ƙyallaye da zare. Na ja Hannatu gefe na ce mun tsallako gari guda ne don wasan 'yan raino?

"Mama, ai kun gwada na manya," in ji ta. "Ɗan kunne ya tafi."

Puan Aida 'yar siririya ce, ta kai hamsin, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta yi mini bayani Hannatu tana fassarawa. Ta ce ba koyar da zane take yi ba, ba a ba da maki, ba ruwanta da kyau ko muni. Ba ta duba zane ta faɗi abin da ke zuciyar mutum kamar mai duba, mai zanen ne kaɗai ya san abin da ya yi, ita tambaya kawai take yi. Ta ce wani ciwon yana zama a jiki inda magana ba ta kaiwa, amma hannu yakan kai. Duk abin da Hadiza ta yi zai zauna a durowa mai makulli, kuma ba za ta gaya mini komai ba, sai in ta ga ranta yana cikin haɗari. Maganin likita kuma a ci gaba da sha. Sannan cikin ladabi ta nuna mini ƙofa.

Haka na zama 'yar zaman shagon mamak duk ranar Alhamis. Mai shagon ya gane ni. Ranar farko ya tambaye ni, "Tapau?" wato ko a ƙulle mini in tafi da shi. Na nuna masa sama da yatsa, na nuna kujera. Daga nan ina zuwa yake kawo mini shayi mai madara, ya juya mini fanka.

Makon farko Hadiza ta sauko hannunta fes. Na biyu ma haka. Na fara ce wa Nura a bari. A na uku ta sauko da baƙi a ƙarƙashin farce har zuwa gwiwar hannu, kuma a makon ta ƙi abinci kwana biyu. Na tsorata. Hannatu ta kira Puan Aida, matar ta ce hakan yana faruwa in an fara taɓa wurin, a sa ido sosai, ta kuma sanar da likita. A mako na biyar ina zaune na ji ganga daga sama. Ba kiɗa ba ne. Bugu ɗaya, a tsaya, bugu ɗaya, a tsaya. Ya daɗe a haka, sai ya fara ja baya, sai ya ɗauke. Shayina ya huce ban sha ba.

Sai bayan watanni Hadiza ta gaya mini yadda abin yake a ciki. Ta ce kullum da numfashi ake farawa, ƙafa a ƙasa, sannan ta zaɓi abin da hannunta yake so. Makonni biyu ba ta taɓa komai ba, matar kuma ta zauna tare da ita ba ta matsa ba. Ranar da ta ɗauki gawayi ta cika takarda da baƙi har ta yage. Puan Aida ba ta ce mene ne wannan ba. Ta ce, in baƙin nan yana da ƙara, wace iri ce? Shi ne ta ɗauki ganga. Ƙarar na'urar da ke jikin kwalbar jaririyar ce, wadda ta kwana huɗu tana ji ta bayan gilashi. Daga ganga aka tambaye ta yadda jikinta yake son ya motsa, sai ta ga hannayenta sun haɗu a ƙirji suna jijjiga. Daga nan aka miƙo mata yumɓu. Haka aikin yake, daga wannan a wuce wancan, kowanne yana buɗe wa na gaba hanya.

A mako na tara Puan Aida ta sauko da kanta har shagon, ta yi mini alama cewa Hadiza tana son in hau. Hannatu ba ta zo ba ranar. Na hau.

Aka zaunar da mu a tabarma muna fuskantar juna, aka ajiye wa kowa curin yumɓu. Matar ta sa yatsa a bakin takunkuminta, na gane ba magana. Na rasa abin yi, sai hannuna ya tuna 'yan tukwanen da muke ginawa a bakin rafi muna yara. Na fara murzawa. Rabon da in zauna kusa da Hadiza haka ba aikin da nake yi mata, ban san ranar ba. Ina jin numfashinta.

Can ta tashi ta karɓi makulli, ta buɗe durowa, ta ɗauko wani faffaɗan tire ta ajiye a tsakaninmu.

'Yan safa guda biyu na yumɓu, kowace ba ta fi babban yatsa ba. Bahon wanka. Matashin kai. Kwalbar madara. Mataji. Riguna a ninke, har da alamar maɓalli. Ɗan gado da sandunansa. Duk abin da na cusa a leda, ta sake yin sa ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko guda ba. A gefen tiren kuma akwai wasu dunƙule-dunƙule guda biyar ko shida da aka fara aka murƙushe.

Ta nuna su. Muryarta ta dushe saboda rashin amfani.

"Hular ce. Ta ƙi yiwuwa. Yumɓu ba ya saƙuwa." Sannan ta ce, "Ita kaɗai ce abin da kika taɓa yi mini da hannunki, Yaya. Ko ba a kanta ba, da kin bar mini."

Na kasa ɗaga kai. Abin da ya fito daga bakina shi ne tambayar da ya kamata in yi tun wata biyar da suka wuce. Na ce an yi mata huɗuba?

"Nura ya yi mata. Ta waya, nas ta kara mata a kunne."

"Wa aka sa?"

"Rabi'atu." Ta dube ni. "Ba ki taɓa tambaya ba."

Takwarata ce na kwashe wa kaya na aika ƙasan bene. Ni da na hana kuka, ni na fara. Na yi ta yi har takunkumina ya jiƙe. Puan Aida ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ba ta kuma nemi a fassara mata ba. Tana zaune a gefe hannayenta a cinya.

Hadiza ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce, "Ranar baranda na ji ki. Ke kike cewa."

Na san abin da ya rage. Wallahi ɗaga buhun gero ya fi shi sauƙi. Na ji kamar Inna da uwar mijina da duk matan unguwarmu suna tsaye a bayana suna kallo. Na riƙe 'yar tukunyar da na gina har ta lotsa.

Na ce, "Hadiza."

Ya fito a karkace, kamar ba sunan da na sani ba. Ta rufe ido.

"Sake faɗa."

Na sake. Na ce Hadiza, ki yafe mini, na yi miki ɓarna ina ganin gyara nake yi. Ba ta ce ta yafe ba a ranar. Ta dai kwanto da kanta a cinyata, ta yi kukan da na hana ta, mai ƙara, har mai shago ya leƙo ta matakala ya koma. Na rasa inda zan sa hannuna don duk yumɓu ne. Daga baya na ɗora shi a kanta haka nan, ya ɓata mata ɗankwali.

Da za mu tafi Puan Aida ta turo kwandon zare gabana. Ba koren da ya yi daidai da na farko, na ɗauki mafi kusa. Kwarashi kuma Makcik Zainab ce ta ba ni nata, da na kwatanta mata da yatsu.

Ban saƙa a gida ba. Matar ta ce a bar aikin a ɗakin, a riƙa yin sa tare. Alhamis uku muka yi a kai, ni ina saƙa, Hadiza tana riƙe da curin ulu tana sako mini. Abin da zan gama a yini ɗaya ne, amma ina yi ina warwarewa, don na lura in hannayenmu suna aiki bakinmu yana buɗewa. A nan na ba ta labarin Sani, wanda ba ta ma san an yi shi ba sai a sama-sama. Na gaya mata yana da wani ɗan baƙin tabo a bayan kunne. Shekara ashirin da bakwai ban faɗa wa kowa ba. Ita kuma ta gaya mini Rabi'atu tana da dogayen yatsu, kuma ranar ta uku ta buɗe ido ɗaya.

Ba a nan ta warke ba, kada in yi ƙarya. Cutar ta sake tashi a garin, aka sake rufewa, aka koma ganin Puan Aida ta waya, muna shimfiɗa takarda a falo da yumɓun da ta aiko. Akwai makon da Hadiza ta koma shiru, akwai ranar da ta ce mini in fita mata daga ɗaki, na fita. Kwaɗon baranda ya kusa shekara kafin likita ya ce a cire. Ranar da aka cire ita ta shanya wanki, ni ina tsaye a bayanta kamar mai gadi, har ta juyo ta ce, "Yaya, in za ki tsaya ki miƙo mini mayafin nan."

Na yi shekara ɗaya da wata huɗu kafin hanya ta buɗe mini. Hannatu ta raka ni har ƙasan bene, ta ce in na isa in sayi 'yan kunne ko na roba ne, kunnena ya yi mata tsirara da yawa. Makcik Zainab ta ƙi karɓar kwarashinta. Tiren yana nan a ɗakin da na taɓa sharewa, a kan wata 'yar kanta, hular a tsakiyar kayan yumɓu, ita kaɗai ce mai laushi a cikinsu. Har yanzu Hadiza tana shan magani, tana zuwa Sri Petaling sau ɗaya a wata. Allah bai ba su wani ba tukuna.

Da na dawo Malumfashi mata suka zo sannu da zuwa, suka tambayi mutanen can. Na ce Hadiza tana gaishe ku. Ɗakin ya yi tsit. Daga baya na ji ana cewa Hajiya Rabi ta je Malesiya ta baro kunyarta a jirgi. Ban musa ba.

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hadiza take kira, a can dare ya fara yi. Wani lokacin hira muke yi sosai, wani lokacin ba ta da abin faɗa, sai mu riƙe waya haka nan ina jin fankarsu tana juyawa. Amma ba na bari ta riga ni magana. Ina ɗauka nake kiran sunan, sannan in saurara, gabana yana ɗan faɗuwa, har sai na ji ta.

"Na'am, Yaya."